Burtalin Turawa: Kwana huɗu a kan keke zuwa bakin teku

Rabon da in hau keke in yi tafiyar da ta wuce ta cikin unguwa ya haura shekara talatin. Duk da haka, a wata safiyar Litinin ta watan Yuni sai ga ni tsaye a gindin mutum-mutumin Sarki Alfred da ke tsakiyar birnin Winchester a kudancin Ingila, da hular kwano a kaina, ina riƙe da keken haya, ina jiran ɗan ƙanwata ya gama ɗaure jakunkunanmu. Shi ya ja ni cikin wannan rigima. Karatun digiri na biyu yake yi a Brighton, kuma da na sanar da shi zan shigo ƙasar halartar wani taro, sai ya ce, "Kawu, zuwanka uku ke nan, amma ban da Landan da kantunanta ba ka san ko'ina ba. Wannan karon ka ba ni kwana huɗu in nuna maka ƙasar ita kanta." Na amsa ne don kara, ina zaton maganar za ta bi ruwa. Ba ta bi ba.

Keken da na sani shi ne Raleigh ɗin mahaifina, baƙi wuluk, mai kariya a baya da ƙararrawa a gaba, irin wanda ake harhaɗawa a Kano a wancan zamani. Giyarsa ɗaya ce tal, in tudu ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura. Wannan da aka miƙo mini kuwa wata halitta ce dabam. Tayoyinsa masu kauri ne, ga su da haƙora kamar na tarakta domin su kama ƙasa. A ƙafar gaba akwai sifirin mai shanye gargada, birkinsa yana matse wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, giya kuwa goma sha biyu. An ƙera shi ne musamman domin hanyoyin da ba kwalta, masu hawa da gangara da tsakuwa. Da na ji kuɗin da ake sayar da sabonsa sai na yi shiru, domin a ƙauyenmu da wannan kuɗi mutum zai sayi babur har ya yi saura.

Hanyar da za mu bi sunanta South Downs Way. Tsawonta mil 100 ne, wato kilomita 160, daga Winchester zuwa garin Eastbourne da ke bakin teku. An buɗe ta a hukumance a 1972, aka tsawaita ta zuwa Winchester a 1987, amma sawun da ke kanta ya girmi hukumar da dubban shekaru, domin tun kafin zuwan Rumawa mutane suke kora dabbobinsu ta bisa wannan doron tudu don su kauce wa taɓo da kurmin da ke ƙasa. Tudun na alli ne tsantsa, irin allin da muka yi rubutu da shi a firamare, ciyawa ce kawai ta lulluɓe shi. Wanda ya san Mambila ko duwatsun Jos zai yi dariya in an kira wannan tsauni, tunda inda ya fi tsayi a kan hanyar, wato Butser Hill, mita 271 ne kacal. Ni ma na yi dariyar. Abin da ban lissafa ba shi ne koguna sun tsattsaga tudun daga arewa zuwa kudu, kowane kogi sai ka gangara har bakinsa sannan ka sake hawa daga tushe. In aka tara hawan duka ya wuce mita 3,500. Daga yamma muka nufi gabas, kamar yadda akasarin masu keke suke yi, saboda iskar yankin daga yamma ta fi kaɗawa, gara ta tura ka da ta tare ka.

Mun tsallake babban titin mota ta wata gada, muka wuce wani ƙaramin ƙauye, muka fara hawa. Ba mu yi awa guda ba na gamu da abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Wani ƙyauren katako muka tarar, a jikinsa an manna alama mai shuɗiyar kibiya. Bayan ƙyauren gona ce ta sha'ir, kore shar, iya ganin ido. Ɗan ƙanwata ya zare sakata ya shige abinsa. Na tsaya turus na ce, "Kai yaro, gonar mutane ce fa." Ya ce, "Gonar mutane ce, Kawu, amma hanyar ta kowa ce." Na duba da kyau, sai ga turba fara fat ta ratsa tsakiyar shukar, miƙe kamar an ja ta da igiya, ba a shuka ko ƙwaya ɗaya a kanta ba.

Bari in yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake, domin na bi diddiginsa bayan na dawo. A Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi da jimillar tsawonsu ta kai mil 140,000. Ƙasar da hanyar ta bi ta kai mallakar mai gona ce, amma haƙƙin wucewa na jama'a ne, kuma ba ya faɗuwa don an sayar da gonar ko an gaje ta. Kibiya rawaya tana nufin masu tafiya a ƙafa kaɗai. Shuɗiya tana nufin hanyar dawaki, wadda dokar 1968 ta buɗe wa masu keke bisa sharaɗin su kauce wa mai doki da mai ƙafa. Wata doka ta 1949 ta ɗora wa hukumomin gundumomi nauyin zana taswirar kowace turba, kuma abin da ke cikin taswirar nan hujja ce a gaban alƙali. Manomi yana iya nome turbar da ta ratsa tsakiyar gonarsa lokacin huɗa, amma wajibi ne ya mayar da ita cikin kwana 14, faɗinta kada ya gaza mita ɗaya in ta ƙafa ce, mita biyu in ta dawaki ce. In ya bar shuka ta toshe ta, hukuma na iya share ta ta kawo masa takardar biyan kuɗin aikin. Har ma in jama'a sun shekara 20 suna bin wata hanya a fili ba tare da an hana su ba, doka tana iya ɗaukarta ta zama tasu.

Ina cikin tura feda a tsakiyar sha'irin nan kalma ɗaya ce take yawo a kaina: burtali. Duk wanda ya tashi a karkarar Arewa ya san shi. Hanya ce mai faɗi da ake bari tsakanin gonaki, a shinge ta da aduwa ko ƙaya ko cini-da-zugu, domin shanu su wuce daga makiyaya zuwa mashaya ba tare da sun taɓa amfanin kowa ba. Abin da Turawan nan suke kiyayewa da taswira da kotu, kakanninmu sun san shi, sun kuma kiyaye shi da bakin mai gari da kunyar idon maƙwabci.

Ranar farko ta ƙare mini da wahala. Mun wuce Cheesefoot Head, wani kwari mai siffar ƙwarya inda Janar Eisenhower ya yi wa sojojin Amurka jawabi a 1944 kafin su tsallaka Faransa, muka gangara kwarin kogin Meon, muka zagaya tsohuwar ganuwar da ke kan Old Winchester Hill. Hawan Butser kuwa da ƙafa na ƙarasa shi, ina tura keke, numfashina sama-sama, wata tsohuwa da karenta suka wuce ni tana yi mini sannu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma ba su faɗi abin da take yi wa gwiwar mai shekara hamsin da bakwai ba. Gangarar da ke bayansa doguwa ce, kan ciyawa, kuma a nan ne na fara gane abin da yake kai mutane ga wannan wasa. Ka saki birki kaɗan, iska ta cika maka riga, ƙasa tana gudu a ƙarƙashinka, ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Na ji wani ihu ya fita daga bakina wanda rabona da irinsa tun ina ɗan aji shida.

Da daddare ruwa ya sauka, washegari kuma alli ya nuna mini halinsa. Busasshen alli hanya ce mai daɗi, amma in ya jiƙe ya fi sabulu santsi. A wata gangara kusa da Harting Down na matse birkin gaba fiye da kima, tayar ta zame, na tsinci kaina kwance a gefen hanya, gwiwar hannuna ta ɗaye, wandona ya yi fari kamar na faɗa buhun fulawa. Ba a jima ba kuma tayar baya ta sace. A cikin allin akwai wani baƙin dutse mai kaifi, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi, in ya fashe bakinsa kamar reza yake. Da shi mutanen yankin suke gina katangun gidaje da majami'u, shi ne kuma yake yanka tayoyin baƙi. Babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muka saba, kowa shi ne bakaniken kansa. A nan dai na rama, domin yaron da digirinsa ya tsaya yana neman bayani a waya, ni kuwa na cire tayar, na lalubo hujin da leɓena, na manna faci, kamar yadda na yi wa keken mahaifina sau ba adadi.

A ranar ce kuma na yi laifi. Mun ratsa wani fili mai tumaki, ni ne a baya, na turo ƙyaure na wuce ban tabbatar sakatar ta kama ba. Ba mu yi nisa ba sai ga wani dattijo a kan babur mai ƙafa huɗu ya cim mana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in da iska ta buɗe ƙyauren, da ya kwana yana tsince tumakinsa daga gonar maƙwabcinsa. Na ba shi haƙuri, ya karɓa. Ganin fuskarsa ta saki sai na tambaye shi ko yana jin daɗin yadda baƙi suke ratsa masa gona dare da rana. Ya ce a'a, bai ɓoye ba. Karnukan masu yawo suna korar masa tumaki masu ciki har su yi ɓari, wasu suna zubar da shara, wasu kuma, ya dube ni, suna barin ƙofa a buɗe. Na ce to me ya hana shi rufe hanyar? Ya yi 'yar dariya ya ce hanyar ta riga takardar gonarsa zuwa duniya, ya saya ne da ita a ciki, kuma ranar da ya sa mata kwaɗo kafin mako ya zagayo zai ga wasiƙar hukuma. Wannan amsa ta fi burge ni fiye da a ce ya yi mini daɗin baki. Mutumin ba ƙaunar hanyar yake yi ba. Ya dai san iyakarsa, ya kuma san akwai masu ƙirga ta.

Daga nan tafiyar ta miƙe. A Bignor Hill mun hau wani yanki na titin da Rumawa suka shimfiɗa daga Landan zuwa Chichester kusan shekara dubu biyu da suka wuce, har yanzu doronsa yana nan. Jefi-jefi muna wuce wasu ƙananan tafkuna masu siffar kasko a kan tudu. Alli ba ya riƙe ruwa, duk abin da ya sauka tsotse shi yake yi, saboda haka makiyayan da suka gabata suka riƙa haƙa rami su dandaɓe shi da yumɓu domin tumaki su sami na sha. Matsalar makiyayi ɗaya ce ko'ina: ciyawa a nan, ruwa a can, da hanyar da za ta haɗa su. Matafiyi ma ba a manta da shi ba, domin akwai famfunan ruwan sha a wurare sanannu a kan hanyar, wasu a jikin katangar gona, wasu a jikin majami'a. A ƙauyen Amberley da ke bakin kogin Arun muka kwana. Ƙarfe tara na dare ta wuce rana ba ta faɗi ba, na kwanta da haske a taga kamar mara lafiya.

Rana ta uku ita ce ta fi kyau, ita ce kuma ta fi ba ni abin tunani. Mun hau Chanctonbury Ring, wata tsohuwar ganuwa da wani saurayi mai suna Charles Goring ya dasa wa bishiyoyi a 1760, guguwar watan Oktoban 1987 ta tumɓuke mafi yawansu, aka sake dasa wasu. Daga nan ka dubi hagu ka ga filayen noma da ƙauyuka shimfiɗe kamar tabarma, ka dubi dama ka ga teku tana ƙyalli. Na ce wa yaron ai mun kusa. Ya ce, "Kawu, hangen Dala ke nan." Gaskiyarsa, sai da muka ƙara yini biyu. Mun gangara kogin Adur, muka sake hawa zuwa Devil's Dyke, wani busasshen kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100, inda muka tarar da jama'a maƙil, wasu suna shawagi a sama da lema.

Kada mai karatu ya ɗauka na je Ingila na dawo ina waƙar adalcin Bature. Waɗannan hanyoyi ragowar abin da aka ƙwace ne. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokoki sama da 5,200 waɗanda suka killace filayen da talakawa suke kiwo da itace a cikinsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Ingila, aka mayar da su mallakar masu hali. Talaka ya rasa makiyaya, aka bar masa siririyar hanyar wucewa. Ita ma ba a banza ta tsira ba. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikatan masana'antu, akasarinsu daga Manchester, suka kutsa tudun Kinder Scout da gangan domin nuna ƙin amincewa da hana su hawa, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Har yau filin da doka ta yarda mutum ya yi yawo a cikinsa yadda ya ga dama bai wuce kashi takwas cikin ɗari na Ingila ba. A sauran wuraren, ka kauce daga turba ka shiga haƙƙin wani. Akwai kuma wani bambanci da bai kamata a tsallake ba. Su yanzu nishaɗi suke karewa, hanyar da za su yi yawon ƙarshen mako. Mu kuwa abin da ke kan burtali abinci ne da rai.

Na kuma lura cewa a cikin kwana huɗu baƙaƙen fatar da muka gamu da su a kan tudun ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali garuruwan da ke ƙasa cike suke da su. Ba wanda ya yi mana kallon banza, kowa sai gaisuwa, amma hanyar kowa ba kowa ne ya san tasa ba ce. Wataƙila shi ya sa yaron ya dage sai mun ratse kudu kaɗan, kusa da Patcham, mu ga wata farar ƙubba da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar makiyaya. Sunanta Chattri. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da fadar sarauta ta Brighton asibitin sojojin Indiya da suka ji rauni a Faransa. Mabiya addinin Hindu da Sikh 53 da suka rasu a nan aka ƙona gawarwakinsu bisa al'adarsu, Musulmin cikinsu kuma aka kai su Woking aka binne, garin da ke da masallaci tun 1889. An buɗe ƙubbar a 1921. Na tsaya ina karanta sunayen, na tuna kakannin wasunmu da aka kwasa zuwa Kamaru da Gabashin Afirka a wannan yaƙi, da waɗanda aka kai Bama a na biyu. Muka koma kan hanya muka hau Ditchling Beacon, mita 248, ba mai cewa uffan.

A daren nan, a wani masauki kusa da Lewes, barci ya ƙi zuwa, kuma ba ciwon cinya ne kaɗai ya hana shi ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kwana uku ina taka tudun mutane, sai ga nawa ya taso mini.

Gonar gidanmu ta gabas da burtali ta yi iyaka. Ina yaro faɗinsa ya isa garke biyu su gifta juna, mu kuma a cikinsa muke buga ƙwallo da rani. Bayan rasuwar mahaifinmu gonar ta dawo hannuna da na ƙannena. Ba ranar da muka zauna muka ce mu ci burtali. Abin da ya faru shi ne kowace damina garma tana ƙara kunya ɗaya ko biyu, maƙwabcinmu na ɗaya gefen shi ma yana ƙara tasa, shingen ya mutu ba a sake dasa shi ba. Yau mai babur da ƙyar yake wucewa. Shekara huɗu da suka wuce shanu suka shiga geronmu, ƙanena ya kai ƙara, aka ci makiyayin tara. Ni na aika da kuɗin zirga-zirgar shari'ar daga birni, har ina faɗa a waya cewa raini ya yi yawa. Ban tambayi kowa ba, ban kuma tambayi kaina ba, ta ina aka so shanun su bi.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau mun haura miliyan 200, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Akwai makiyayan da suke sakin dabbobi cikin amfanin gona da gangan ko da hanya a buɗe take. Ta'addancin da ya addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato ya daɗe da wuce batun hanyar shanu, kuma wanda aka kashe wa ɗa ko aka sace wa mata ba zai saurari labarin taswira ba. Duk na yarda. Amma ba rashin doka ne ya kai mu nan ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Wuraren da aka ware a faɗin ƙasar sun haura 400, waɗanda aka tabbatar da su a gazet ba su kai rabi ba, sauran kuma gonaki da gidaje da manyan mutane suna ta gutsurar su. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda ba su fi mu arziki ba, sun yi dokar filayen karkara a 1993, suka kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, kuma wanda ya bi karkarar Maraɗi ko Damagaram zai ga turakun siminti jere a gefen wasu hanyoyin dabbobi. Rikici bai ƙare a can ba, amma in an yi gardama akwai abin nunawa da yatsa. A wajenmu shaidar iyakar burtali tana cikin kawunan tsofaffi ne, su kuma kullum raguwa suke yi.

Rana ta huɗu jikina ya saba, ko kuma ya fid da rai. Mun tsallake kogin Ouse a Southease, muka hau Firle Beacon, muka gangara Alfriston, ƙauyen da ke da wani tsohon gida mai rufin ciyawa wanda ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust ta saya fam 10 a 1896, gini na farko da ta mallaka. A nan hanyar ta rabu biyu. Masu ƙafa suna bin kogin Cuckmere zuwa gaɓar teku su bi ta kan fararen hayin nan bakwai da ake kira Seven Sisters. Masu keke da dawaki kuwa doka ta ce su bi ta ciki, ta Jevington. Na so in yi gardama, yaron ya nuna mini rawayar kibiya, na haɗiye maganata. Da la'asar muka gangaro Eastbourne. Filayen da ke bayan garin, kimanin eka 4,000, hukumar garin ce ta saye su a 1929 domin kada magina su cinye su.

Da yake rana tana da sauran tsawo, muka bi titin mota muka hau Beachy Head. A nan tudun allin da muka kwana huɗu a bayansa ya yanke kamar an sare shi da wuƙa, mita 162 daga ciyawa zuwa ruwa. A ƙasa can ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ratsin ja da fari, wadda ta fara aiki a 1902, ta zama kamar abin wasan yara. Ban matsa kusa da baki ba, domin allin yana zubewa ba sallama. Gaba kaɗan akwai tsohuwar hasumiya mai suna Belle Tout, wadda a 1999 aka ɗaga ta ɗungurungum aka ja ta baya mita 17 saboda teku ta kusa cin gindinta. A Birling Gap kuma akwai jerin gidajen masu gadin gaɓa da aka gina su takwas a ƙarni na 19, aka yi ta rushe na bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, na baya-bayan nan a 2014, yanzu saura huɗu. Na tambayi yaron, to in teku ta cinye turbar fa? Ya ce dokar 2009 da ta kafa hanyar gaɓar tekun Ingila ta tanadi haka: inda gaɓa take zubewa, turbar tana ja da baya ta shiga cikin filin da ke biye, ko na wane ne.

Muka jingine kekunan muka sauka ta matakalar ƙarfe zuwa bakin ruwa. Ba yashi, sai duwatsu masu sulɓi da igiyar ruwa take juyawa suna ƙara. Na tsoma hannu, sanyi kamar ƙanƙara. A wannan lokaci na shekara agogon Ingila da na gida ɗaya ne, na san ƙanena ya dawo daga gona, sai na hau sama inda waya take kamawa na kira shi. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko kututturen aduwar nan da ke kusurwar gonar gabas yana nan, wanda Baba yake cewa daga shi burtali ya fara. Ya ce yana nan, amma yanzu a cikin gona yake, da kunya goma sha wani abu a bayansa. Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Yaya, lafiya? Me ya kawo wannan magana daga Ingila?" Na ce so nake mu koma bakin kututturen, mu dasa shinge. Ya ce ai an riga an yi shuka, gero har ya fito, kuma in mun ja baya maƙwabcinmu ne zai matso. Na ce to a bari sai kaka, in na zo mu je wurin mai gari tare da maƙwabcin. Ya ce, "Allah Ya kai mu," da irin muryar da na san yana yi in bai yarda ba.

Yaron ya ɗago mini hannu daga inda kekunan suke, yana nuna agogo. Jirgin ƙasa na Brighton ba ya jira, ga shi kuma akwai hawa ɗaya da ya rage tsakaninmu da tasha.